Ɗaure-Tam da Gidajen Noti Uku

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai walda da na mai aski, akwai wani mai sayar da noti da ƙusa da washa wanda kowa ke kira Ɗaure-Tam. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don ko noti ɗaya ka saya sai ya rako ka har bakin titi yana cewa ka ɗaure tam. Gajere ne mai ɗan tumbi, kullum da sifana a aljihun gaba kamar yadda malaman makaranta ke soka biro, amma duk zamansa a layin ba wanda ya taɓa ganin baƙin mai a farcensa.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Masu aikin hannu na layin suna da ƙungiya, da ɗakin taro mai daɓen katako a ƙarshen layi, kuma dokar ɗakin ba ta da kwana-kwana: wanda ke gyara ko ƙera abu shi ke zama a benci ya faɗi a ji, masu sayarwa kuwa su tsaya a baya su saurara, su share ɗaki kafin taro, in an ce a kawo ruwa su kawo. Ɗaure-Tam ya daɗe yana wannan tsayuwa har ƙafafunsa sun haddace wurin. Wani ƙarin takaici, shugaban ƙungiyar surukinsa ne, tsohon bakanike, wanda ya ba shi 'ya amma bai taɓa ba shi aron filaya ba. Ɗaure-Tam ba ya son komai a duniya kamar ya ga ranar da zai zauna a bencin nan, tsohon yana kallo.

Rannan ana taro, musu ya kaure a kan abin da ke sa notin salansar babur yawan ficewa a hanya. Wannan ya ce ƙarfen zamani ne, wancan ya ce ramukan titi ne. Ɗaure-Tam ya ji magana tana taso masa daga ciki, ya danne, ta ƙi dannuwa.

"Baba, in an ba ni dama, ni na san kan wannan magana."

Mai walda, wani dogo mai tarin suma da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ko waiwayowa bai yi ba. "Wa ya kunna rediyo a baya?"

Aka kwashe da dariya, dariyar kuwa ita ta tunzura shi. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce su ɗaure noti kawai suka iya, shi kuwa ya san noti tun daga kakanninsa. Ya ce duk wata dabara da ɗan Adam ya ƙirƙiro don hana noti kwancewa, ya san gidansu, ya san danginsu, zai iya jera musu su gida-gida ko ruwa bai sha ba.

Surukin ya juyo a kujerarsa, wata tsohuwar kujerar mota da ya ɗora a kan ƙafar ƙarfe da hannunsa, yake ji da ita fiye da gadon kwanansa. Ya dubi mijin 'yarsa.

"Ba a hana mai sani zama a nan. Taro mai zuwa ka kawo mu gani. In ya shiga kanmu, ga benci. In bai shiga ba, mun huta da rediyo."

"Da sharaɗi, Shugaba," in ji mai walda. "Kada ya kwaso mana sabbin kayan shagonsa masu ƙyalli, wannan talla ce. Mai aiki daga jikin aiki yake ciro abu. Ya kawo waɗanda suka sha wuya."

"Har da tsatsarsu za ka gan su," in ji Ɗaure-Tam yana dukan ƙirji.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana kwashe kaya daga injin wanki. Ya kifa bokiti ya zaunar da ita, ya fara gwada laccar a kanta.

"Gida uku ne, Maman yara. Na farko masu cizo. Washa mai tsaga da washa mai haƙora, in ka ɗaure noti a kansu sai su kafa masa haƙori, ya so juyawa su ƙi. Na biyu masu runguma. Noti mai roba a baki, robar ta ƙanƙame zaren ƙusa ba ta saki. Na uku masu tare hanya, su ne manya. Noti mai giɓi, a zura fil mai ƙafa biyu ta giɓin a buɗe ƙafafun, ko washa mai kunne, a lanƙwaso kunnen ya tokare noti. Wannan ko kuka ya yi ba inda za shi."

"Mai cizo, mai runguma, mai tare hanya," ta ce. "Ai 'ya'yanka ka lissafo mini, Baban yara. Auta ce mai cizon."

"Ke ba a maganar ilimi da ke."

"To walda fa, a wane gida take?"

"Walda ba gida ba ce, kurkuku ce. Wanda ya kasa lallashin ƙarfe shi ke ƙona shi."

Ta tashi ta ɗauki bokitinta. "Ni dai kada ka ja mini abin kunya a gaban Baba."

Washegari ya samo wani faffaɗan allo, ya raba shi uku da fenti, ya zauna yana kallonsa wayam. Makullan noti, wato waɗannan abubuwan hana shi kwancewa, da suka sha wuya ba a titi suke zube ba, suna jikin kayan mutane suna aikinsu. Nan dabara ta faɗo masa, irin wadda mutum ke jin kamar ya yi wa kansa tafi. Aro zai yi. Ya ciro makullin, ya ɗaure notin da hannunsa, bayan taro ya mayar, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. A ganinsa makulli don hannun rago aka yi shi, notin da Ɗaure-Tam ya ɗaure kuwa sai dai jikoki su gaje shi a ɗaure. Wannan fa mutumin da matarsa ke buɗe wa murfin kwalba. Ya soka sifana ya fita.

Da mai aski ya fara. Ya shiga da sunan gaisuwa, ya girgiza kujerar aski, ya ɓata fuska.

"Maƙwabci, kujerar nan tana kuka, ba ka ji?"

"Ni ban ji ba."

"Kunnen aski daban, kunnen ƙarfe daban. Haska mini in duba maka kyauta."

Ya kwanta ya shige ƙarƙashi, tumbi a waje. A can ya tarar da noti biyu, ɗaya a kan ɗaya, sun danne juna suna riƙe da mazaunin kujerar, duk sun sha koren fenti. Tagwaye ke nan, ita ma dabara ce ta hana kwancewa. Ya zare na saman ya jefa aljihu, ya murɗa na ƙasan har da nishi, ya fito yana kaɗe riga.

"Ta daina kuka. Ko giwa ka ɗora."

Giwa ba ta zo ba, mai walda ne ya zo rage suma bayan kwana biyu. Mai aski kuwa yana da al'adar juya mutum a kujera, dama, hagu, dama, ya nuna masa kansa a madubi ta kowane gefe, ashe noti yana ta bin juyin a hankali. Injin aski yana daidai goshin mai walda, mai aski ya ce bari ya ɗan juyo shi, sai kujera ta sunkuya kamar mai gaisuwa ta zubar da shi gaba. Injin bai tsaya ba, ya share hanya ɗoɗar daga goshi har ƙeya.

Kafin mai walda ya miƙe Ɗaure-Tam ya iso, hannu a baya, yana gyaɗa kai.

"Juyi ne da girgiza. Noti ba shi da maƙiyi kamarsu. Ku zo taro za ku ji dalili."

"Ba kai ka duba ta ba?" in ji mai aski.

"Da ban duba ba, da ta rufin ɗaki zai fita."

Mai walda ya shafa hanyar da ke kansa, ya dubi madubi, ya dubi Ɗaure-Tam. "Akwai notin da ya daɗe da kwancewa a layin nan, kuma ba na kujera ba ne."

Ɗaure-Tam ya yi kunnen uwar shegu, don gidan masu cizo yana jiransa, su kuwa a rumfar Goggo mai niƙa suke. Injinta yana ɗaure a kan wani gungumen katako, kowace ƙafa da notinta da washa mai tsaga a ƙarƙashi, sun yi jawur da busasshen tumatir da barkono. Ya yi dakon ta shiga gida cin abinci, ya kwashe su tas, ya mayar da notin ya sa musu albarka.

Da yamma mata sun yi layi da robobi, Goggo ta tayar da inji. Ya fara aikinsa lafiya, can ya soma rawa, can sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sauko daga katakon. Goggo ta yi zaton idonta ne. Inji ya ɗaga ta biyu, ya nufi ƙofa yana tsalle, yana feshin jan niƙa dama da hagu. Mata suka watsar da robobi suka ranta a na kare. Goggo ta bi shi da tsintsiya tana cewa ya dawo, ina za shi, ita ta saye shi. Sai da bel ya fice sannan ya tsaya a bakin titi yana huci, daidai inda Ɗaure-Tam ya zo kallo ya samu rabonsa a fuska.

"Ɗan nan, kai da ka san ƙarfe, me ya sami injina?"

Ya share barkono daga ido yana hawaye. "Goggo, girgiza ce. Annoba ce ta shigo layi, na daɗe ina faɗa."

"Shekara da shekaru yana girgiza bai taɓa fita yawo ba."

"To yau ya ga hanya. Ki zo taro, zan bayyana komai."

Gaskiya ranar ya ɗan sha jinin jikinsa. Amma da gari ya waye ya ji layi kaf ba a maganar komai sai noti, har masu benci suna tsayawa a ƙofar shagonsa suna tambaya, sai tsoron ya narke ya koma daɗi. Bai taɓa jin daɗi irin wannan ba. Ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa, yana shiga shago-shago yana duba wa mutane kaya kyauta, aljihunsa yana ƙara nauyi.

Saura gidan masu runguma da na masu tare hanya, su kuwa an fi samun su inda ake tsoron faɗuwa. Ana gobe taro sharar ɗaki ta faɗo kansa, aka ba shi mabuɗi. Ya shiga da tsintsiya, ya ɗaga kai, sai ga fankar sama rataye da noti mai giɓi, fil ya buɗe ƙafafu a ciki. Ya sunkuya, sai ga bencuna duk ƙafafunsu da noti mai roba. Ya leƙa ƙarƙashin kujerar surukinsa, sai ga washa mai kunne, tsohuwa, baƙa, irin wadda aka daina yi. Ya ji kamar an buɗe masa taska. Ya taka tebur ya zare fil, ya bi bencuna ya musanya notinsu da gama-garin noti daga shagonsa. A gaban kujerar tsohon ya ce ai don ilimi ne, Baba ma zai yi alfahari, ya zare washar ita ma. Shara dai ba a yi ba.

Abu ɗaya ya rage. Ilimi ba a baki kawai yake ba, sai an gani da ido, don haka yana bukatar teburin da zai yi girgiza. Da safe matarsa ta zuba kaya a injin wanki ta danna, shiru. Ta leƙa bayansa ta ga wayoyi suna reto, zuciyar injin, wato abin da ke juya shi, ba ta nan.

"Baban yara, ina cikin injina?"

"Ya tafi aikin ƙungiya, yau zai dawo."

"To ni ma zan zo taron in rako shi gida."

Ɗakin taro bai taɓa cika irin ta ranar ba. Masu benci sun matsu kafaɗa na gugar kafaɗa, mai walda a gaba da hula har kunne, Goggo ta kawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a ƙofa, matar Ɗaure-Tam tana tsaye a gefe ta harɗe hannu. Aka ƙure fanka saboda zafi. Shi kuwa gogan ya fito cikin kayan aiki na aro, ya shafa musu baƙin mai da kansa, har da ɗigo a kumatu. A damansa allo lulluɓe da zane. A hagunsa tebur, ya ɗaure zuciyar injin wanki a ƙarƙashinsa, ya maƙala mata guntun ƙarfe a gefe guda don ta riƙa ɗingishi in tana juyawa.

Ya yaye zane ya shiga bayani, kuma ba za a ƙi faɗin gaskiya ba, bayanin ya tsaru. Ya bi gida-gida, ya nuna mai cizo da inda yake cizo, mai runguma da abin da yake runguma. Ɗaki ya yi tsit. Surukinsa ya ɗan gyaɗa kai, kaɗan dai, Ɗaure-Tam ya gani, murna ta kusa shaƙe shi.

"Tagwaye fa?" in ji mai walda. "Na ga ka rataye shi a kan layi, ba ya nan ba ya can."

"Tagwaye 'yan haya ne. Suna danne juna kamar masu cizo, suna tare juna kamar masu tare hanya. Duk gidan da suka kwana nasu ne."

"Kuma ɗaya ka kawo. Ina ɗan'uwansa?"

"Yana wurin aiki."

Mai aski ya miƙa wuya yana duban koren fentin, amma kafin ya yi magana Ɗaure-Tam ya tafa hannu ya ce yanzu za a ga aiki da ido. A kan teburin ya kafa ƙusoshi biyu, ɗaya da gama-garin noti, ɗaya da mai roba. Ya jona waya. Tebur ya ɗauki karkarwa, daɓen katako ya amsa, kowa ya ji abin yana shiga ta tafin ƙafa har haƙora. Gama-garin noti ya soma juyawa shi kaɗai, ya hau, ya hau, ya faɗo ƙasa ya gangara. Mai roba ko gezau. Ɗaki ya ɗauki tafi, masu tsayuwar baya har da tsalle.

Mai hankali a nan zai kashe inji, ya yi godiya, ya je ya zauna. A bencin gaba ma har an fara matsa masa wuri. Amma tafi ya bugar da shi.

"Wannan ai wasa ne," ya ce, yana ɗaga murya sama da ƙarar. "Bari ku ga girgiza ta gaske. Duk notin da ba shi da makulli, a ɗakin nan ko a duniya, yanzu zai nuna halinsa."

Ya murɗa abin ƙara gudu har ƙarshe.

Ya kuwa faɗi gaskiya. Aka fara jin ƙis, ƙis, wasu ƙananan abubuwa suna faɗuwa a ƙarƙashin jama'a suna gangarawa. Wani ya sunkuya ya ɗago noti yana tambayar na waye. Bencin baya ne ya fara amsawa, ƙafarsa ta dama ta baje, mutanen kai suka zurara gefe guda suka taru a kan mai facin taya kamar buhuna. Na tsakiya ya buɗe ƙafafu ya zauna daɓas da kowa da kowa. Na gaba ya ɗaga ta gefe ɗaya ya cilla mai walda, hula ta yi nata waje, hanyar kansa ta bayyana ga duniya.

"Ku kwantar da hankali," in ji Ɗaure-Tam, "wannan duk cikin darasi ne."

Tebur ma ya gaji da tsayuwa wuri ɗaya ya fara takawa. Ya rungume shi, tebur ya tafi da shi, murya na rawa, kumatu na rawa, yana laluben makunni yana kama iska. Goggo ta miƙe tana nuna su da yatsa, ta ce wallahi tafiyar injinta ce sak. Suka bangaji allo, allo ya kifa, gidaje uku suka watse a ƙasa suka cakuɗe da notin bencuna.

Surukin bai motsa ba, don shugaba ba ya gudu. Ya riƙe hannun kujera, fuska a murtuke, ya buɗe baki zai ba da umarni, sai kujerar ta yi baya a hankali, da ladabi, ta kwantar da shi rigingine ƙafafu a sama. Daga kwancen shi ya fara ganin fanka tana lilo. Ya ce a matsa. Ba a taɓa bin umarninsa da sauri haka ba. Fanka ta sauko tsakiyar ɗaki cikin babban bahon ruwan sha, ta yi juyin bankwana tana watsa wa kowa rabonsa.

Matar Ɗaure-Tam ce ta tsallake mutane ta fizge waya daga bango. Ɗaki ya yi shiru, ba ka jin komai sai wani noti da ke ta gangarawa bai sami wurin tsayawa ba.

Ba wanda ya ji ciwo. Aka ɗaga tsohon aka kaɗe masa riga. Mai aski ya tsinci wani abu a gaban ƙafarsa ya ɗaga sama.

"Wannan koren fentin kujerata ne."

Goggo ta ɗauki wata washa ta sansana. "Barkonona ne. Ɗan nan, ashe kai ne annobar."

"Goggo, aro na yi."

"Aron da mai kaya bai sani ba, mu wani suna muke kiransa."

"Ai sharaɗi aka kafa mini, wai waɗanda suka sha wuya."

Mai walda ya nuna kansa. "Ga wanda ya sha wuya nan, rataye ni a allon."

Dariya ta ɓarke, irin wadda ba ta tsayuwa, mutane zaune a ƙasa jiƙe da ruwa suna riƙe ciki. Ɗaure-Tam ya washe baki shi ma, yana fatan dariyar ta wanke shi. Surukinsa kaɗai bai yi ba.

"Na ji, aro ne," in ji tsohon. "To mai aro mayarwa yake yi. Ga su nan a ƙasa. Ɗauki kowanne ka faɗa mana inda ka ciro shi."

Ɗaure-Tam ya durƙusa ya ɗauki wata washa. "Wannan mai cizo ce, Baba."

"Ban tambaye ka gidansu ba. Ta waye?"

Ya juya ta, ya sake juyawa. A 'yan kwanakin duba kaya kyauta ya bi baron mai ruwa, da keken ɗinkin tela, da ƙofar shagon mai faci, da wasu da shi kansa ya manta. Ya jera su iri-iri, mai haƙora da mai haƙora, fil da fil, bai taɓa tunanin riƙe wa ya fito daga ina ba. Duk wanda ba fenti ba barkono a jikinsa ya zama maraya.

Ya ajiye washar ya ɗaga wani fil. "Wannan mai tare hanya ne," ya ce da ƙaramar murya.

"Na waye?"

Zufa ta karyo masa ta wanke ɗigon baƙin man kumatu. Jama'a suka daina dariya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna ranar da aka duba masa kaya kyauta. Tela ne ya fara fita da gudu, mai ruwa ya rufa masa baya. Can daga tsakiyar layi aka ji wata ƙofar ƙarfe ta faɗi, mai faci ya dafe kai ya ce ya san muryarta.

Tsohon ya dubi 'yarsa, wadda ta sunkuyar da kai tana kwance zuciyar injinta daga tebur, sannan ya dubi mijinta.

"Tun da aka kafa ɗakin nan mutane iri biyu ne, masu zama da masu tsayuwa. Kai da kake son rabe-rabe, yau na ƙara maka na uku, masu jira a waje. Kai ne na farko, kuma ba na tsammanin za ka samu na biyu."

"Baba, amma bayanin ai ya shiga."

"Ya shiga. Miƙo mabuɗi."

Layi ya yi kwanaki yana gyara. Mai walda ya bi bencuna ya liƙe ƙafafunsu da wuta, yana yi yana waƙa. Da taro ya zagayo Ɗaure-Tam ya ce ba zai je ba ko an roƙe shi. Ba a roƙe shi ba. Ya rufe shago ya ce iska zai sha, ƙafarsa ta kai shi bayan ɗakin taro, ƙarƙashin taga, inda yake hango ƙeyar tsofaffin abokan tsayuwarsa.

Surukinsa ke magana, ya baje wasu ƙarafa a tebur yana yi wa jama'a nasiha a kan aiki.

"Duk wanda zai ɗaure abin da ke motsi, ya fara tambayar kansa wane gida zai nema. Gida uku ne. Akwai masu cizo, akwai masu runguma, akwai masu tare hanya."

Kawuna suka gyaɗa, wani ya ce Shugaba ya iya tsara magana. Daɗi ya kama Ɗaure-Tam, ya kasa kunne yana jira a ambaci sunansa. Ba a ambata ba. Tsohon ya wuce zuwa misalai, ya ɗauki washa mai kunne ya ajiye ta cikin masu cizo.

Ɗaure-Tam ya yi ɗage, ya kama bakin taga, ya zura kai.

"Baba, gafara dai, mai kunne 'yar gidan masu tare hanya ce."

Tsohon bai ko ɗago ba. Ya mayar da washar inda aka ce, ya ci gaba da magana. Wani daga masu tsayuwar baya ya miƙo hannu a hankali, ya ɓamɓare yatsun Ɗaure-Tam ɗaya bayan ɗaya, ya ja taga ya rufe.